Surukina da Watan Disamba

Yayar maigidana ce ta fara isowa. Tun daga bakin titi muka jiyo kukanta. Ta shigo da takalmi a ƙafa ɗaya, tana kiran “Babana, Babana,” ta wuce mu ta faɗa ɗakin da aka kwantar da shi. Bayanta maƙwabta suka biyo, sai matan zumuntar coci, sai dattawan ikkilisiya. Kafin hantsi ya dubi ludayi tsakar gida ta cika.

Ni tela ce. A cikin gida nake ɗinki a nan Birnin Kudu, kuma surukina ya rasu ne ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Wanda ya taɓa shiga gidan tela a wannan makon ya san yadda yake. Atamfofi sun taru har kan gado, wasu an yanka, wasu ko buɗe su ba a yi ba. A bakin ƙofar ɗakin ɗinkin aka shimfiɗa mini tabarma na zauna karɓar gaisuwa.

Mata sukan durƙusa su ce, “Ya haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da ku.” In amsa. Sai in ga idon mai gaisuwa ya tsallake kafaɗata ya sauka a kan tarin kayan da ke bayana. Ɗaya daga cikinsu ta matso har numfashinta yana taɓa kunnena, ta ce, “Maman yara, ba don komai ba, na ce ko in ɗauki atamfar yaran nan in kai wani wuri?” Ban ga laifinta ba. Ni kaina, a lokacin da take yi mini gaisuwa, tunanin rigunan da suka rage nake yi.

A waje, ƙarƙashin darbejiya, maza suna shawarar jana'iza. Ta katanga nake jiyo su. Baba ya sha faɗa cewa a kai shi ƙauyensu, can wajen Farin Dutse a ƙasar Gwaram, a kwantar da shi kusa da matarsa. Wani dattijo ya ce gobe ne za a yanka san Kirsimeti. Wani ya ce mawaƙa suna da gwaji da yamma. Shugaban matasa ya ce motar da aka saba ara ta tafi ɗauko shinkafa. Maigidana yana zaune ya sunkuyar da kai.

Ana cikin haka Baffa ya iso a kan babur. Shi ne ƙanin Baba, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Musulmi ne. Ya shiga ya dubi gawar wansa, ya fito ya zauna a gefen tabarma, ya saurare su har suka gama. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, “In ranakunku sun cika, ku ba ni shi. Ni da 'ya'yana za mu haƙa masa. Fasto ya zo ya yi addu'arku duk sa'ad da ya sami sarari.”

Har mu mata da ke cikin gida duk mun ji. Can Fasto ya gyara murya ya ce, “Baffa, ka gafarce mu. Yau za mu kai shi. Sa ya jira.”

Tun daga wannan ranar nake son in rubuta wani abu game da shi, don kada 'ya'yana su girma su tuna da shi a matsayin tsohon da ya mutu ya ɓata musu Kirsimeti. Ba zan faɗi sunansa ba. Tun da aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa furta shi ba, kuma ba yanzu zan fara ba. Baba nake ce masa. Shi kuwa Amarya yake kira na, har na haifi na fari, har na haifi auta, har furfura ta fara fito mini.

Dogo ne, siriri, manomin dawa da gyaɗa. Gidansu na asali masu bin al'adar kakanni ne. Yana saurayi ya bi Almasihu, daga baya ƙaninsa ya musulunta. Ya ce da aka kai wa uwarsu ƙara, sai ta ce duk inda suka nufa da safe, da yamma dai akushi ɗaya za ta ajiye musu. Haka kuwa suka rayu. Da Sallah Baba yakan je gidan Baffa ya wuni, da Kirsimeti Baffa ya aiko da kaji. Bai yi makaranta ba. Yana da iyali ya koyi karatu a ajin manya, shi ya sa har ya tsufa da yatsa yake bin layi, yana furta kowace kalma a fili kamar yana ɗanɗana ta. Da matarsa Inna ta rasu, ƙarfinsa kuma ya ragu, maigidana ya matsa masa ya dawo wurinmu. Ya zo da Littafinsa Mai Tsarki, da tabarau mai ɗaurin zare a kunne ɗaya, da wata 'yar kujerar katako da ya sassaƙa da hannunsa.

Abin da ya bambanta shi da mu yakan fito fili ne a watan Disamba. Da zarar wata ya kama, kowa a gidanmu sai ya kama gudu. Maigidana yana cikin masu kula da hidimar coci, sai ka gan shi daga wannan taro zuwa wancan. Yara suna gwajin waƙa da wasan kwaikwayo. Ni ina kan keke. Addu'ar safe da muke yi tare duk shekara sai ta gajarce, daga baya ta koma “Allah ya tsare” a bakin ƙofa. Shi kuwa Baba a lokacin yake rage sauri. Tafiyarsa ma sai ta ƙara nauyi. In yara sun rugo suna nuna masa sabon takalmi, yakan karɓa ya juya shi ya yaba, sannan ya ce, “Madalla. To, mai bikin fa, ina kuka ajiye shi?” Yara su yi dariya su ce yana coci. Ya ce, “Af, ashe ba ku gayyato shi gida ba.”

Shekararsa ta farko a wurinmu, a makon da ake soye-soye, na lura kokon da nake aika masa da safe yana dawowa yadda na kai shi. Ƙosai ma haka. Raina ya ɓaci. Na ce ko tsami ya yi yawa, na canja gasara, ya sake dawowa. Suruka ba ta tsayawa gaban suruki ta tambaye shi me ya hana shi cin abincinta, don haka na aiki babbar 'yata. Ta dawo ta ce, “Kaka ya ce kokonki ba shi da laifi. Ya ce a ajiye masa sai rana ta faɗi.” Sai a lokacin na gane azumi yake yi. Gida ya cika da ƙamshin cincin da soyayyen nama, kowa yana wucewa yana ɗanɗanawa, shi yana zaune a inuwa da bakinsa a rufe. Bai taɓa ce wa kowa ya yi ba. Da maigidana ya tambaye shi dalili, tun da ba a umarce mu da azumi a wannan lokaci ba, cewa ya yi, “Cikina ne ba ya jin magana in ya ƙoshi. Ina so ranar ta same ni ina jin yunwar wani abu.”

Sau ɗaya na ga fushinsa, kuma a kan nama ne.

Kowace shekara magidantan coci sukan haɗu su sayi sa a yi watanda. Mahauci Musulmi ake kira ya yanka, don maƙwabta su iya cin abin da za mu aika musu. A shekarar da abin ya faru, daga wajen Wurno aka kawo san, kuma maigidana ne aka ɗora wa rabo. An feɗe, an kasa nama kashi-kashi a kan ganye a filin da ke gaban coci. Mu mata muna gefe da kwanoni muna jira. Sai gardama ta tashi tsakanin dattawa biyu a kan tozo. Wannan ya ce bara wancan ne ya ɗauka, wancan ya ce ƙarya ne. Magana ta yi magana har aka tono tsohuwar rigimar gona, aka shiga ambaton iyaye. Ɗaya ya ture kashin ɗaya da ƙafa, nama ya zube a ƙasa. Mutane masu wucewa suka tsaya kallo. Mahaucin nan, dattijo ne shi ma, ya tsaya da wuƙa a hannu ya kafa idonsa a ƙasa, kamar shi ne ya yi laifin.

Baba ya taso daga inda yake zaune. Bai kalli masu faɗan ba. Ya je gaban mahaucin, ya cire hularsa, ya rusuna, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Malam, ka yi haƙuri da abin da ka gani. Ba haka aka koya mana ba. Wanda muke wa wannan biki bai ce mu yi haka ba. Laifinmu ne, ba nasa ba.”

Ya mayar da hularsa ya kama hanyar gida. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka ƙarasa rabon kamar ana rabon kayan mamaci.

Da maigidana ya dawo, ransa a ɓace yake. Ya tsaya a ƙofar ɗakin mahaifinsa ya ce, “Baba, da ka bari mun gyara a tsakaninmu. Ka kunyata dattawa a gaban baƙo.”

Baba ya ce, “Ni na kunyata su?”

“Ai da ka kira su gefe.”

“A gefe suka yi zagin?”

Maigidana ya ce shi ne mai rabo, kuma yanzu kowa zai ce ya kasa riƙe wuri har sai da ubansa ya taso. Baba ya ce, “Ashe sunanka kake jin tsoro ya ɓaci. Ni sunan mai bikin nake ji wa tsoro.” Daga nan ya sauke labulensa. A wannan Kirsimeti bai taɓa naman ba. Tuwon dawa da miyar kuka ya ce in yi masa, ranar da kowa yake cin shinkafa. Uba da ɗa suka yi kwanaki sai gaisuwa kawai. Ni ina tsakiya, ba ni da bakin magana. Ranar sabuwar shekara da safe na ga maigidana ya karɓi bokitin ruwan zafi daga hannun yarinya, ya kai wa Baba da kansa, ya durƙusa a ƙofa ya daɗe. Ban ji abin da suka ce ba. Da rana Baba ya aiko a tambaye ni ko akwai sauran soyayyen nama.

Alherin da ya yi mini kuwa, ban san yadda zan faɗe shi ya kai yadda yake a raina ba.

Wata shekara aiki ya yi mini yawa har na yi Lahadi biyu ban je sujada ba. Idanuna sun kumbura, bayana kamar zai tsinke, yara in sun matso sai tsawa. Na san ya lura. Na yi ta jiran ranar da zai aiko a yi mini faɗa. Bai aiko ba. Wata safiya ina taka keke, sai na ji motsi a waje. Na leƙa. Baba ne ya ɗauko 'yar kujerarsa daga gindin bishiyar da ya saba zama, ya kawo ta jikin bangon ɗakin ɗinki, daidai gindin taga. Ya zauna ya ba tagar baya. Ya gyara tabarau, ya buɗe Littafi, ya fara karantawa a fili, a hankali, kamar shi kaɗai ne a duniya. Labarin mala'ika da budurwa ya karanta a ranar. Da ya gama ya yi waƙa ɗaya da tsohuwar muryarsa, ya yi addu'a, ya ambaci gonaki da marasa lafiya da masu tafiya a hanya, sannan ya ce, “Da masu aiki da hannuwansu, ka ba su ƙarfi, kada gajiya ta rufe musu kunne.” Ya ɗauki kujerarsa ya tafi.

Na kifa kaina a kan keke na yi kuka.

Washegari ya dawo. Haka ya yi har ranar Kirsimeti, haka kuma ya yi duk Disambar da ta biyo baya. Bai taɓa waiwayowa ya dubi tagar ba, ni ma ban taɓa ce masa na gode ba. Da zarar wata ya wuce sai ya koma gindin bishiyarsa. Iyakar abin da na iya yi shi ne na tara ƙyallaye na ɗinka wa kujerar matashi, na ba yarinya ta ɗora. Ya aiko da amsa: “A ce wa Amarya kujera ta yi laushi.” Wannan ita ce duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu a kan lamarin.

Bana na sayi keke mai aiki da lantarki. Da yake wuta ba ta zama, maigidana ya kawo ƙaramin janareta, kuma wayar ba ta kai ko'ina ba sai gindin taga. Da Disamba ta kama, Baba ya fito da kujerarsa ya tarar an cinye masa wuri. Ya matsa gefe kaɗan, inda hayaƙin ba ya kaiwa sosai, ya zauna ya buɗe Littafi. Ina hango leɓunansa suna motsi, yatsansa yana tafiya a kan layi, amma ko kalma ɗaya ba ta iso ni ba. Kullum sai in ce bari in gama wannan hannun rigar in kashe. In na ɗago sai in ga ya tafi.

Daga baya tari ya kama shi, ya daina fitowa. An kai shi asibiti an ba shi magani, aka ce sanyi ne. Da safe nakan tsaya a ƙofarsa in gaishe shi, zare a wuyana, ya amsa daga ciki ya ce, “Amarya, ya aiki?” In ce da godiya, in juya. Ranar da ya cika, babbar 'yata ce ta kai masa koko. Ta dawo ta tsaya a kaina tana magana, ban ji ta ba. Sai ta fita ta kashe janaretan da hannunta. A cikin shirun da ya sauka ne ta ce, “Mama, Kaka ba ya amsawa.”

Da la'asar muka kai shi ƙauye. Kafin mu isa 'ya'yan Baffa sun gama haƙa. Fasto ya yi addu'a, mata suka yi waƙa, Baffa da mutanensa suna tsaye a gefe sun harɗe hannuwa har aka rufe. A tsohon gidan Baba muka zauna makoki. Ba mu zo da komai ba sai kayan jikinmu.

Ranar Kirsimeti ta same mu a can. Da safe muna zaune a tsakar gida, ba wanda ya yi maganar sujada. Mun ɗauka makoki ya ɗauke mana. Sai Baffa ya shigo ya tsaya ya dube mu, ya ce da maigidana, “Ba yau ce sallarku ba?”

Maigidana ya ce, “Ita ce, Baffa. Amma masu gaisuwa za su zo.”

“Ni ba ɗan gidan ba ne? Ku tashi ku tafi. Tun muna samari ban taɓa ganin wannan rana ta same shi a gida ba. Ba a kansa za ku fara ba.”

Muka tashi kamar yaran da aka kama. Cocin ƙauyen ƙarami ne, ginin ƙasa da rufin kwano. Muka shiga da zannuwan da muka kwana uku a ciki, muka zauna a baya. Wani tsoho ya tashi ya karanta labarin haihuwar Almasihu, yana tuntuɓe a kan wasu kalmomi. Na ji shi daga farko har ƙarshe. Rabon da in yi haka na manta, domin kowace shekara a gajiye nake isa coci ranar Kirsimeti, da sabon ɗinki a jikina, kuma kafin karatu ya kai ga labarin makiyaya barci ya kwashe ni.

Da muka dawo, matar Baffa ta aiko da shinkafa da kaji, ta ce ba a wuni da yunwa ranar salla. Na je zaure in yi godiya, na durƙusa daga bakin ƙofa. Baffa ya dube ni ya ce, “Ke ce mai ɗinkin ko? Makon jiya da na je duba shi ya yi mini zancenki. Ya ce duk gidan ke kika fi sauraronsa. Ya ce in yana karatu har kekenki yakan rage gudu.”

Na ja mayafi na rufe fuskata. Na so in yi shiru in karɓi yabon, amma na kasa. Na ce, “Baffa, bana ban ji shi ba. Ko sau ɗaya.”

Ya ja carbinsa. Can ya ce, “To, shi dai bai faɗa mini haka ba.”

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka, ka ba shi wurin zama kusa da kai. Mu da ya bari kuma, ka yi mana haƙuri irin wanda ya yi mana.